Tambayoyi da amsoshi kan salsalar malaman Katori Shinto-ryu, tsohuwar makarantar takobi ta Japan

Masu sha'awar karate da judo da kallon fina-finan samurai suna yawan tambaya kan tsofaffin makarantun yaƙi na Japan, musamman maganar wa ya koyar da wa, wa ya gaji wa, kuma wa ke da hurumin cewa shi malami ne. Na ɗauki makaranta ɗaya tak, Tenshin Shoden Katori Shinto-ryu, don in aka ce za a haɗa su duka a magana ɗaya toh sai dai ayi ta shawagi a sama ba a taɓa ƙasa ba.

Wai mece ce ma Katori Shinto-ryu ɗin?

Makarantar koyon yaƙi ce, amma fa ba mai aji da benci ba, ilimi ne da ake miƙawa daga hannun malami zuwa hannun ɗalibi, su can ryu suke ce ma irin wannan. Tana cikin waɗanda ake kira koryu, wato makarantun da aka kafa kafin 1868, shekarar da mulkin shogun, wato shugabannin soja da ke riƙe da Japan, ya faɗi aka maida ragama hannun sarki Meiji. Judo da kendo da aikido duk bayan nan aka tsara su, judo ma sai 1882 Kano Jigoro ya buɗe cibiyarta Kodokan a Tokyo. Ita kuwa Katori tun ƙarni na 15 take nan, kaga ta ba judo shekara 400 kenan. Cibiyarta tana garin Katori a jihar Chiba, gabas da Tokyo, ba nisa sosai da filin jirgin Narita, dab da wani tsohon wurin bauta na addinin Shinto da ake kira Katori Jingu. A 1960 gwamnatin Chiba ta saka ta cikin al'adun gado da hukuma ke karewa, kuma ita ce makarantar yaƙi ta farko da ta samu wannan matsayi a Japan.

Wa ya kafa ta, kuma yaushe?

Iizasa Choisai Ienao. A abin da makarantar ke riƙe da shi, an haife shi 1387 a ƙauyen Iizasa nan cikin Chiba ta yanzu, ya rasu 1488, kenan ya haura shekara 100 a duniya. Jarumi ne da ya yi wa gidan sarautar Chiba aiki, ya ga yaƙi da idonsa, daga baya da girma ya fara kama shi wajen shekara 60 sai ya janye jikinsa ya koma Katori. Labarin da suke bayarwa shine yayi kwana 1000 a wurin bautar yana atisaye dare da rana yana tsarkake kansa, a ƙarshe abin bautarsu Futsunushi ya zo masa a siffar yaro ya miƙa masa littafin dabarun yaƙi. Wannan imaninsu ne, ni na kawo shi ne saboda in baka san shi ba ba zaka gane dalilin da yasa suke kallon ilimin a matsayin amana ba, abin da aka baka ajiya, ba naka bane balle ka canja shi yadda ka ga dama. Shekarar kafawa kuma makarantar 1447 take cewa, wasu masana tarihi suna ganin wajen 1480 ya fi kusa da gaskiya, ko wanne ka ɗauka dai an haura shekara 500.

Salsalar ta jini ce ko ta ilimi?

Duka biyun, kuma nan ne mutane suka fi rikicewa, don haka bari in ɗan tsaya a nan.

Akwai soke, shine shugaban gida, kuma wannan muƙamin a gidan Iizasa yake tun daga wanda ya kafa makarantar, ana ta gadonsa cikin gidan har aka zo kan na 20, Iizasa Yasusada. Soke shi ke riƙe da sunan makarantar da tsofaffin takardunta da tsohon dojo ɗin, wato ɗakin horo, da ke cikin gidansu a Katori, shi ke naɗa babban malami, shi ke da ikon korar mutum. Sannan akwai shihan, babban malami, wanda shi ne kullum yake tsaye a fili da takobin katako a hannu yana gyara wa ɗalibai ƙafa da kafaɗa. Ba dole bane shihan ya zama ɗan gidan, haka kuma ba dole bane soke ya zama shi ke koyarwa, shi kansa soke na 20 ba shi ke koyarwa ba, shihan ya bar wa wannan aikin.

Wani zai ce toh meye amfanin shugaban da baya koyarwa? Tarihin makarantar da kansa ya bada amsa ta ɓangare biyu. A ƙarshen ƙarni na 19 soke na 18 ya rasu bai bar ɗa namiji ba, kuma lokacin fa lokaci ne mai wuya, tun 1876 gwamnati ta hana yawo da takobi, samurai sun zama tarihi, makarantu da yawa sun mutu murus saboda babu mai zuwa koyo. Gidan Iizasa ya zauna shekara da shekaru babu soke. Wani shihan mai suna Yamaguchi ne ya riƙe makarantar har ya rasu a 1917, bayansa wasu manyan malamai takwas suka ci gaba da riƙo tare, cikinsu akwai Tamai Kisaburo da Shiina Ichizo da Ito Tanekichi da Kuboki Sozaemon da Hayashi Yazaemon. Abin da yake burge ni wallahi shine babu ɗaya cikinsu da ya tashi yace tunda kujera babu kowa bari in hau. Sun jira har aka samu wani mai suna Kinjiro ya auri 'yar gidan ya ɗauki sunan Iizasa, abin da al'adar Japan ta yarda da shi, ya zama soke na 19. Kaga da ace jini kaɗai ne salsalar da ilimin ya bi soke na 18 kabari, da kuma ace malamai ne kaɗai babu gidan da kowa ke komawa gare shi, da wataƙila tun lokacin an samu Katori guda takwas kowa da tasa.

Me yasa dole sai ta hannun malami, ba ga bidiyoyin nan birjik a YouTube ba?

Saboda abin da kake gani a bidiyon ba shine dabarar ba, da gangan aka ɓoye ta. Horon Katori duk a kata ake yinsa, wato jerin motsi da aka tsara tsakanin mutum biyu, babba wanda ya fi ƙwarewa ana ce masa ukedachi, shi ke karɓa yana jan ragamar abin, ƙarami kuma kirikomi shi ke kai sara. In ka kalli kata na farko, Itsutsu no Tachi, zaka ga katako na dukan katako kaf kaf kaf da sauri, ka ɗauka wannan ya kai sara wancan ya tare. A haƙiƙa a wurare da yawa babu tarewa sam, wurin da takobi ya haɗu da takobi a kata, a yaƙin gaske wuyan hannun abokin gaba ne a wurin ko jijiyar wuyansa, sai aka sa babban ya ja da baya taki ɗaya ya sa katakonsa a madadin jikinsa. Haka yana yin amfani uku, ba a ji wa juna rauni, kata ɗin yana tsawo ya gina wa mutum numfashi da juriya maimakon a gama da sara ɗaya, sannan ɗan leƙen asirin wata makaranta in ya leƙo ta katanga abin da zai kwasa ya tafi da shi fanko ne.

Kuma saran nasu duk an gina shi ne a kan mutumin da ke sanye da sulke. Ba a sarar ƙirji tunda ƙarfe ne a wurin, ana neman inda sulken ya bari a buɗe don mutum ya iya motsi, cikin wuyan hannu, gefen wuya ƙarƙashin kwalkwali, hammata, ƙugu inda sulken sama ya haɗu da na ƙasa, da cikin cinya. Ko zare takobi daga kube da suke yi, a tsugune ake fara shi gwiwa ɗaya a ƙasa, don an tsara shi ne saboda dare, in kayi ƙasa kai kana cikin duhu shi kuma wanda ke tsaye kana ganin inuwarsa a jikin sararin sama. Toh wannan bayanin ni ma na iya rubuta shi kai ma ka iya karantawa, amma sanin daidai tazarar da zaka tsaya, da daidai lokacin da ƙafarka zata motsa, sai wanda ya sani ya tsaya gabanka ya kawo maka sara sau dubbai, in kayi kuskure katakonsa ya tsaya a wuyanka ka ji a jikinka. Shi ma haka wani yayi masa. Shi yasa nake cewa salsala a nan ba ado bace, ita ce hanyar da ilimin yake bi, in ta yanke motsin zai rage amma ma'anar ta tafi.

Akwai baƙin bel a cikinta?

Babu. Tsarin matakan ƙwarewa da ake kira dan da baƙin bel Kano ne ya shigo da shi judo a shekarun 1880, karate da sauransu suka ara. A Katori naɗaɗɗiyar takarda ake bayarwa, rubutun hannu da hatimi. Ta farko mokuroku, bayan shekaru sai menkyo, can ƙarshe sai gokui kaiden wadda ke nuna an baka komai babu abin da aka rage, kuma waɗanda suke kaiwa nan 'yan ƙalilan ne a kowane zamani. Duk wanda ya san yadda ijaza take a karatun zaure zai gane abin nan take, takarda ce da darajarta ke rataye da sunan wanda ya bayar da kuma sunayen da ke bayansa, ba satifiket bane da zaka biya kuɗi kayi jarrabawa ka karɓa. Sai dai a kula, samun takarda daban izinin koyarwa daban, mutum zai iya riƙe menkyo amma ba a bashi izinin buɗe wurin koyarwa da sunan makarantar ba.

Gaskiya ne sai an yi rantsuwa da jini kafin a shiga?

Gaskiya ne, keppan ake ce mata. Sabon ɗalibi zai durƙusa gaban malami, a karanta masa sharuɗɗan, ya rubuta sunansa a takarda, a ɗan yanka ɗan yatsa da ƙaramar wuƙa ya danna jinin a ƙasan sunan. Sharuɗɗan sun haɗa da riƙe sirrin abin da aka koya maka ko da a gaban 'yan gidanku ne, guje wa rigima da rashin ladabi, nisantar caca da wuraren banza, da kuma kada ka gwabza da 'yan wata makaranta kafin ka samu izini. Wannan na ƙarshen yana da tushe tun daga kan Ienao, suna ba da labarin cewa in wani ya zo neman su gwada ƙwanji sai ya hau kan wata ƙaramar ciyawar gora ya zauna ba tare da ta lanƙwashe ba yace in ka iya haka toh bismillah, mai neman faɗan sai ya kama hanyarsa. Labari ne na baka, amma ya nuna abin da makarantar take so ɗalibinta ya zama, mutumin da yake kashe faɗa tun kafin a zare takobi.

Toh Musulmi ko Kirista zai iya yin wannan rantsuwar?

Nan kam ba zan yi kwana-kwana ba. Rubutun rantsuwar yana cewa in ka karya alkawari ka yarda hukuncin abin bautar Katori da na wani abin bautar mai suna Marishiten ya hau kanka, kuma a dojo akwai ɗan wurin bauta a jikin bango da ake sunkuya masa kafin a fara da bayan an gama. Japanawa da yawa al'ada suke ɗaukarsa, amma mu a wurinmu rantsuwa da wanin Allah ba ƙaramin abu bane. Wanda abin ya shiga ransa da gaske ya fara zama da malaminsa na addini ya karanta masa ainihin kalmomin rantsuwar, sannan ya faɗa wa malamin dojo matsayinsa ƙarara tun kafin ranar, kada ya bari sai wuƙa tana kan yatsa. In ba a samu mafita ba a haƙura, sha'awar tarihin da karanta shi babu wanda ya hana ka.

Takobi kaɗai ake koyarwa?

A'a, ita cikakkiyar makarantar yaƙi ce. Akwai dogon takobi da gajere da riƙe biyu a tare, zare takobi, doguwar sanda mai kusan mita 1.8, naginata wato sanda mai lanƙwasasshiyar wuƙa a kai, mashi, jifa da ƙananan ƙarafa masu tsini, da kokawa. A matakan sama akwai ilimin gina ganuwa da sansani, dabarun jan runduna, duba taurari da yanayin ƙasa, da yadda ake kare kai daga 'yan leƙen asiri. Sabon shiga dai da kata huɗu na omote no tachi, wato matakin farko na takobi, zai fara kuma zai daɗe a kansu.

Sunan Otake da Sugino nake yawan gani, su waye, kuma wanne ne na asali?

Otake Risuke an haife shi 1926, manomi ne mai kiwon dawaki a yankin Narita. Ya shiga makarantar a 1942 yana ɗan shekara 16 ana tsakiyar yaƙin duniya, a hannun Hayashi Yazaemon, ɗaya daga cikin malaman nan takwas. Hayashi ya rasu 1964, a shekarar Otake ya gina dojo ɗinsa Shinbukan a gidansa, a 1967 aka bashi gokui kaiden aka naɗa shi shihan, kenan shekara 25 yayi kafin ya kai. Ya riƙe koyarwar sama da shekara 50, ya rasu 2021. A zamaninsa ne aka buɗe wa baƙi ƙofa, Ba'amurken nan Donn Draeger wanda tsohon soja ne kuma mai bincike kan dabarun yaƙin Asiya ya zama ɗalibinsa a shekarun 1960, daga nan Turawa suka fara sanin makarantar.

Sugino Yoshio kuma, 1904 zuwa 1998, ɗan judo ne a Kodokan. Wajen ƙarshen shekarun 1920 Kano ya ji tsoron kada tsofaffin dabarun su ɓace, sai ya gayyato huɗu daga malaman Katori, Tamai da Shiina da Ito da Kuboki, su riƙa zuwa Tokyo suna koyar da zaɓaɓɓun ɗalibansa, cikinsu har da Sugino da Mochizuki Minoru. Sugino ya ci gaba da karatu a hannun Shiina shekaru masu yawa, ya koyar a dojo ɗinsa a Kawasaki, shi ya tsara faɗan takobi a wasu shahararrun fina-finan samurai na shekarun 1950, bayan rasuwarsa ɗansa Yukihiro ya ci gaba. In ka kalli kata ɗin ɓangarorin biyu zaka ga bambanci a tsayuwa da saurin motsi, kuma magoya baya suna ta jayayya a kai. Ni a ganina tambayar wanne ne na asali bata da amfani sosai a nan, Hayashi da Shiina tare suka riƙe makarantar lokacin da babu soke, kowa ya miƙa abin da ya karɓa. Bambancin da yake tabbas shine Otake ne gidan Iizasa ya naɗa shihan.

An ce an samu saɓani bayan tsufan Otake?

An samu. 'Ya'yansa biyu duk sun taso a cikin makarantar, babban Otake Nobutoshi da ƙaninsa Kyoso Shigetoshi. A 2017 soke ya naɗa Kyoso shihan, a 2018 kuma gidan soke ya sanar da cire Nobutoshi daga makarantar, irin wannan korar hamon ake ce mata. Nobutoshi ya ci gaba da koyarwa a Shinbukan tare da ɗalibansa na ciki da wajen Japan. Abin bai min daɗi ba ko kaɗan, kuma ba zan yanke hukunci kan rigimar gidan da ba nawa ba. Abin da ya kamata mai neman shiga ya sani kawai shine hamon tana cire mutum daga ƙarƙashin sunan gidan, bata goge abin da ya koya a shekaru masu yawa ba, don haka tambaya biyu ce daban, shin ya iya, da kuma shin gidan ya yarda da shi. Ka san amsar kowacce kafin ka sa jininka a takardar wani.

Akwai makarantun da suka fito daga cikinta?

Sosai ma. Tsukahara Bokuden, 1489 zuwa 1571, wanda ya kafa Kashima Shinto-ryu a Kashima, tsallaken kogin Tone daga Katori, iliminsa yana da jijiya a Katori. Haka ake lissafa Kamiizumi Nobutsuna mai Shinkage-ryu cikin waɗanda suka sha daga gare ta, da Muso Gonnosuke wanda ya kafa makarantar gajeriyar sanda ta Shinto Muso-ryu. Wani abin da ya taimaka mata ta yaɗu kuma ta daɗe shine bata taɓa zama mallakar wani basarake ɗaya ba, kuma tun da can tana karɓar manoma da talakawan gari, ba sai samurai kaɗai ba. Da zamanin samurai ya wuce, mutanen karkarar nan ne suka riƙe ta.

Ya zan gane malamin gaskiya da na bogi?

Tambaye shi wa ya koyar da shi, shekara nawa yayi a hannunsa, wace takarda aka bashi, kuma an bashi izinin koyarwa ko a'a. Mai gaskiya baya jin haushin wannan tambayar, zai faɗa maka suna da gari, kuma in ka tuntuɓi can za su ce eh namu ne. Ka yi hattara da wanda yace malaminsa wani tsoho ne a kan dutse da ya rasu babu wanda ya san shi, ko wanda yake soke na makarantu biyar shi kaɗai, ko wanda ya je taron horo na mako ɗaya ya ɗauki hoto da dattijo ya dawo yana cewa shi wakili ne. Hoto ba salsala bane. A Japan akwai ƙungiyoyi biyu da tsofaffin makarantu ke ciki, Nihon Kobudo Shinkokai da aka kafa 1935 da Nihon Kobudo Kyokai ta 1979, kuma duk ranar 3 ga Nuwamba ana yin nuni a wurin bautar Meiji Jingu da ke Tokyo inda makarantu ke fitowa bainar jama'a. Ganin sunan makaranta a can alama ce mai kyau, amma bata tabbatar maka da shi wannan mutumin da ke gabanka ba, shi sai ka bi ta kan malaminsa.

In mutum yana nesa da Japan ta ina zai fara?

Ɓangarorin da na ambata duk suna da wakilai da rukunin ɗalibai a ƙasashen waje, musamman Turai da Amurka, don haka sai ka fara da rubuta wa cibiyar ɓangaren da kake so ka tambayi wakilinsu mafi kusa da kai. Ka je ka kalli horo tukuna kafin kace zaka shiga, yawanci ma haka suke so. Ka shirya wa tafiye-tafiye da kuɗin jirgi da biza na shekaru, don ba abu bane na zuwa ɗaya. Kafin nan in akwai judo ko karate ko aikido a garinku ka shiga, zai gyara maka jiki da faɗuwa da ladabin dojo, amma kada ka ce zaka koyi kata ɗin Katori daga waya kai da abokinka da sanduna, kuskuren da jiki ya haddace ya fi wuyar cirewa, malamin da zaka samu nan gaba sai ya ɓata lokaci yana warware shi kafin ya fara koya maka na daidai.